Gaɓar Ƙarfe

A Bulangwa, bayan rumfunan masu banda,
nan maƙerar Abani take.
Ni nake masa zuga tun ina ɗan shekara tara,
ga shi gemu ya fito, ban ajiye zuga-zugin ba.

Da can ƙusar kwale-kwale yake ƙerawa,
da ƙugiya, da mashin giwan ruwa.
Sai tabki ya naɗe zaninsa ya ja da baya.
Inda iyayenmu suka jefa taru,
yau wake ake shukawa.

Wata Talata ya sayo tsohuwar gangar mai,
ya farke ta, ya bi ta da masaba
har ta kwanta kamar tabarma.
Na ce, "Baba, ƙyaure za a yi?"
Ya ce, "Kai dai zuga."

Ya jiƙa kanwa da gishiri ya yayyafa,
ya bar ta kwana shida tana shan raɓa.
Tsatsa ta fito, nan ja kamar tofin goro,
can baƙi kamar gindin tukunya.
Ya zaro wayar tagulla daga mataccen injin jirgi,
ya ja layi ɗaya karkatacce
daga wannan gefe zuwa wancan.
Ƙasan layin ya gasa, ya gasa,
sai da ƙarfen ya yi shuɗin wuyan tantabara.
Saman layin bai taɓa ba.

Babu jirgi, babu masunci.
Ko ɗan balbela babu.

Hajja Zara mai garin masara ta riƙe ƙugu:
"Abani, jifa aka yi maka?
Gangar da za ta yi murhu uku ka lalata!"
Wani jandarma ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce in taswira ce, ina takardar izini?
Maigida ya ba shi shayi.
Ya sha, ya manta tambayarsa.

Haka suka taru har goma sha ɗaya,
jingine da danga, awaki na sosa jiki da su.

Ran nan jika ya jawo sandar Baba Tunau,
wanda yanar ido ta raba da fito tun kafin a haife ni.
Ya zo a wasa masa wuƙa.
Hannunsa ya faɗa kan ƙarfe, ya tsaya.
Ɗan yatsa ya kama wayar, ya bi ta a hankali
kamar mai bin baƙi a allo.

Ya ce, "Wannan ai mashigin Tumbun Kada ne.
Ga inda muke daka jirgi. Ga tudun mata.
Amma ka yi ƙarya a nan, maƙeri,
ruwan ya fi haka shigowa.
A wannan lungu ya cinye mini Sale,
kuma ni na san zurfinsa."

Ban taɓa ganin Abani ya karɓi gyara ba.
Ya ɗauki awartaki bai ce uffan ba.
Na zuga har kafaɗata ta yi tsami,
tagulla ta yi laushi, ya lanƙwasa ta ciki
kamar faɗin yatsa biyu.
Tsoho ya jira ta huce, ya sake shafawa.
Ya ce, "To."
Ya tafi ya bar wuƙar.

Bara wani mai otal daga Marwa ya kwashi tara,
ya ce wai irin wannan ba a tambayar ma'anarsa.
Muka sayi gawayi buhu ashirin da kwanon rufi.
Ta Baba Tunau tana nan, an taya, an ƙi.

In an tsoma jan ƙarfe a kasko
yakan yi wani cuuu, tururi ya tashi.
Maigida yakan rufe ido daidai nan.
Ni ban ga tabkin da yake ji ba,
na tarar da gonar wake.
Ina dai zuga.